Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Kwamfutar Tafi-da-gidanka Barci Alhali Murfinta a Buɗe Yake?

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu shida waɗanda masu su ke kuka da abubuwa mabambanta, amma da aka bi diddiginsu sai aka tarar duk sun taru a wuri guda, wato 'yar ƙaramar sensar da ke sanar da kwamfutar tafi-da-gidanka cewa an rufe murfinta ko an buɗe shi. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Aikina buga takardu ne a ofis, kuma kwamfutata ba ta wani tsufa ba. 'Yan kwanakin nan ina cikin bugu sai allon ya yi baƙi ƙirin kamar an rufe ta, in na ɗaga hannuna sai ta farka ta nemi kalmar sirri. Batirinta a cike yake, ba ta kuma yin zafi. An sake mata Windows, an duba ko bairos ne, amma ba abin da ya canza, har mai gyara ya ce sai dai a canza modabod, wato babban farantin da kayan cikinta ke haɗe a kansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan abokiyar aikina ta zauna a kanta, ba ta yi mata haka ko kaɗan. Me ke faruwa? Daga wata ma'aikaciyar ofis.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganar da kika rufe wasiƙarki da ita ta fi duk sauran bayanin muhimmanci, domin modabod da ta lalace ba ta zaɓen wanda za ta yi wa gardama. Idan kwamfuta tana ɗaukewa a hannun mutum ɗaya tana kuma aiki lafiya a hannun wani, to abin da ya kamata a fara dubawa shi ne abin da ke jikin mutumin. Ki dubi wuyan hannunki. Idan kina ɗaure da agogon zamani mai maɗaurin da ke mannewa da kansa, ko awarwaro mai maɓallin da ke kamewa ba tare da ƙugiya ba, ko irin munduwar nan da ake sayarwa da sunan tana ɗauke da maganaɗisu, to da wuya ba shi ne mai laifin ba.

Dalilin kuwa shi ne, kwamfutar ba ta da idon da take ganin murfinta da shi. A tsofaffin kwamfutoci akwai wani ɗan tsinke na roba kusa da gaɓar da ta haɗa murfi da gindi, wanda murfin ke dannawa idan an rufe shi, amma da yake ƙura tana shiga ta maƙale shi, yana kuma karyewa, sai masu ƙerawa suka koma ga dabarar da ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Sun ɓoye ɗan ƙaramin maganaɗisu a cikin firam ɗin da ya kewaye allo, sannan suka dasa sensa a cikin gindin kwamfutar daidai inda maganaɗisun zai sauka idan an rufe. A kwamfutoci da yawa wannan wurin yana bakin gefen da ake ɗora hannu, dama ko hagu, a wasu kuma yana can sama kusa da gaɓar, wasu ma suna da biyu. Da zarar maganaɗisun ya kusanto, sensar ta aika saƙo ga wani ɗan guntun cif da ke kula da madannai da batir da fanka, shi kuma ya sanar da Windows ko macOS ko Linux cewa an rufe murfi, a yawancin kwamfutoci ta hanyar ƙa'idar sarrafa wuta mai suna ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Daga nan sai manhajar ta yi abin da aka saita ta a kai, wanda galibi shi ne barci.

Sensar tana aiki ne da wata ɗabi'a ta lantarki da Edwin Hall ya gano a 1879, lokacin yana ɗalibin bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka. Ya ratsa lantarki ta cikin siririn fallen zinariya, ya sa fallen a tsakanin bakunan maganaɗisu, sai ya ga lantarkin ya karkata zuwa gefe ɗaya na fallen, har aka sami ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin gefunan biyu wanda za a iya aunawa. Iya ƙarfin maganaɗisun, iya girman wannan bambancin. Sensar da ke cikin kwamfutarki, wadda ba ta fi 'yan milimita ba, abin da take yi ke nan. Tana auna wannan bambancin, tana ƙara masa ƙarfi, tana kwatanta shi da wata iyaka da aka sa mata, idan ya haura iyakar sai ta ce an rufe, idan ya sauko ƙasa da wata iyaka ta biyu wadda ta ɗan fi ta farko ƙanƙanta sai ta ce an buɗe. An raba iyakokin biyu ne da gangan, don kada allo ya riƙa kunnawa yana mutuwa idan murfin ya tsaya a tsaka-tsaki.

A nan gizo ke saƙar. Sensar ba ta san daga ina maganaɗisun ya fito ba, ba ta kuma da hanyar sani. Misalinta kamar makahon maigadi ne da ya san maigidan da ƙamshin turarensa kaɗai, duk wanda ya shafa irin turaren ya zo ƙofa, sai ya ɗauka maigida ne ya dawo. Ƙari a kan haka, yawancin irin waɗannan sensoshi suna amsawa ga kowane ɓangare na maganaɗisu, arewa ko kudu, saboda hakan ya fi sauƙi ga masu haɗa kwamfutar a masana'anta. Saboda haka idan maɗaurin agogonki ya sauka daidai kan wurin yayin da kike bugu, kwamfutar ta yi abin da aka ƙera ta ta yi ne, ba lalacewa ta yi ba.

Za ki iya tambaya me ya sa ba kullum take yi ba, tunda agogon kullum yana hannunki. Amsar tana cikin tazara. Ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, yana tsakanin maikirotesla 25 zuwa 65 ne a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, gwargwadon inda mutum yake, ita kuwa sensar murfi an saita ta ne a kan 'yan militesla (militesla ɗaya maikirotesla dubu ne), wato abin da ya ninka na duniya sau da dama, don kada ta riƙa ruɗewa haka kawai. Ƙananan maganaɗisun zamani da ake yi da sinadarin neodimiyam, waɗanda kamfanin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka samar a farkon shekarun 1980, suna iya kai ɗaruruwan militesla a jikin fatarsu, ko da girmansu bai fi maɓallin riga ba. Sai dai wannan ƙarfin yana zubewa da sauri ƙwarai da an ɗan matsa. Idan aka ɗan yi nesa da ƙaramin maganaɗisu, ninka tazara sau biyu yana rage ƙarfinsa zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, ninka ta sau uku kuma zuwa kashi ɗaya cikin 27. Ke nan bambancin santimita ɗaya ko biyu ya isa ya raba tsakanin kwamfuta mai aiki da kwamfuta mai barci. Hannunki zai iya wuni yana kai-komo a kan kwamfutar ba abin da ya faru, sai lokacin da kika miƙa yatsa zuwa wani madanni na can gefe, maɓallin agogon ya gifta ta kan wurin, allon ya ɗauke.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi ko sukurudireba. Ki cire duk abin da ke hannunki ki yi aiki na yini guda. Idan ba ta ɗauke ba, sai ki adana aikin da kike yi, ki riƙe agogon ki bi gefunan kwamfutar da maɓallinsa a hankali, daga kusurwa zuwa kusurwa. A daidai wani ɗan wuri za ki ga allon ya mutu nan take, kina janye agogon ya dawo, kina mayarwa ya sake mutuwa. Wanda yake son shaida a rubuce ma zai samu, domin kwamfuta tana rubuta dalilin kowane barcinta. A Windows ana buɗe Event Viewer a duba rahotannin Kernel-Power, inda ake nuna dalilin barcin, kodayake wani lokaci ana haɗa murfi da maɓalli a matsayin dalili ɗaya, a Mac kuma umarnin pmset -g log yana jero lokutan da dalilansu. Idan rahoton ya ce murfi ne alhali ke kin san ba ki taɓa murfin ba, magana ta ƙare.

A ganina, mai gyaran da ya yanke hukuncin canza modabod ba tare da ya duba wannan rahoton ba ya yi gaggawa. Gaskiya ne sensar kanta tana iya lalacewa, musamman idan ruwa ko shayi ya taɓa zuba a wurin, ko wayar da ta haɗa ta da modabod ta saki, amma irin wannan lalacewar ba ta bambanta tsakaninki da abokiyar aikinki. Maganin naki kuwa shi ne ki canza maɗaurin agogon zuwa mai ƙugiya, ko ki mayar da shi ɗaya hannun idan sensar tana gefe ɗaya ne kawai, ko ki riƙa cire shi lokacin aiki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyon gyaran kwamfuta. Na lura idan na ɗora kwamfuta a buɗe a kan wata da ke rufe, ta saman takan ƙi nuna komai a allo ko ta yi barci, amma da na sauke ta kan tebur sai ta dawo daidai. Haka kuma wani lokaci idan na ajiye wayata a gefen madannai. Daga wani mai koyon sana'a.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Abu ɗaya ne da na sama, sai dai a nan maganaɗisun na kwamfutar ƙasa ne. Murfinta yana ɗauke da nasa maganaɗisun, wasu ma suna da jerin maganaɗisu da ke riƙe murfin a rufe maimakon sakata, kuma idan kwamfutocin biyu iri ɗaya ne abin ya fi saurin faruwa, domin maganaɗisun ta ƙasa yana faɗawa daidai ƙarƙashin sensar ta sama. Roba da alminiyam ba sa tare maganaɗisu, ratsa su yake yi kamar babu su. Kamfanin Apple da kansa ya taɓa fitar da bayani cewa maganaɗisun da ke cikin wasu na'urori yana iya sa kwamfutocinsa barci ba zato.

Wayar hannu kuma tana da maganaɗisu a lasifikarta, tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020 akwai zoben maganaɗisu a bayan yawancin wayoyin iPhone, rigunan waya masu mannewa a mota suna da nasu, haka akwatin iyafis marar waya da murfin kwamfutar hannu irin wanda ya zo da iPad 2 a 2011. Ka mai da shi ɗabi'a a teburin aikinka cewa ba a gwada kwamfuta a kan wata, kuma duk wanda ya kawo maka kukan ɗaukewar allo ka tambaye shi a kan me yake ɗora ta, me kuma yake ajiyewa a kanta, kafin ka kwance ko sukuru ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun muna yara ake ce mana kada a kai maganaɗisu kusa da kwamfuta domin yana goge komai. Yanzu yarona ya ɗora wani maganaɗisu na wasa a kan tawa, allon ya mutu, daga baya ya dawo. Ina tsoron ko hotuna da takarduna sun lalace, ko kuma za su lalace a hankali. Daga wani magidanci.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka. Mutuwar allon da ka gani sensar murfi ce ta amsa, kuma babu wata illa da ke saura bayan an ɗauke maganaɗisun, domin sensar ba ta riƙe maganaɗisu a jikinta, ba ta kuma gajiya da shi, tunda aikinta ke nan duk lokacin da ka rufe kwamfutar.

Gargaɗin da aka yi muku a yarinta gaskiya ne a zamaninsa. Faifan fulofi da kaset ɗin rediyo da na bidiyo suna ajiye bayani ne a kan siririn shafe na maganaɗisu mai saurin juyawa, kuma tsofaffin allunan talabijin da na kwamfuta masu ƙeya suna harba lantarki ne zuwa fuskar gilashi, shi ya sa maganaɗisu ke karkatar da shi ya bar tabon launi a kusurwa. Allon kwamfutar tafi-da-gidanka ba haka yake aiki ba, maganaɗisu ba ya ɓata masa launi. Wurin ajiya kuma iri biyu ne. Yawancin kwamfutocin yanzu suna amfani da SSD, wanda ke riƙe bayani a matsayin cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna na cif, babu ruwansa da maganaɗisu, haka filashi da katin memori. Tsohon faifan ajiya mai juyawa shi ne ke rubutu da maganaɗisu, amma an yi shafen jikinsa ta yadda sai da ƙarfi mai yawan gaske a daf da shi yake canzawa, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin akwatin faifan kansa akwai maganaɗisun neodimiyam mai ƙarfi wanda ke motsa hannun da ke karatu da rubutu, yana zaune 'yan santimita kaɗan daga bayanan tsawon rayuwar faifan. Hukumomin da ke son shafe irin wannan faifan gaba ɗaya sai sun sa shi a wata na'ura ta musamman da aka ƙera don haka. Duk da wannan, ba hikima ba ce a manna ƙaton maganaɗisu irin na masana'anta a jikin faifan da ke cikin juyawa.

Asarar da barcin ba-zata ke jawowa ta wata fuskar take zuwa. Idan kana cikin kwafar fayil zuwa filashi, ko kana ɗora takarda a intanet, ko kana tsakiyar taro ta bidiyo ko jarrabawa mai ƙayyadadden lokaci, barcin zai katse aikin, kuma fayil ɗin da aka katse a tsakiyar rubutu yana iya lalacewa. Wannan laifin katsewa ne, ba na gogewa ba.

Abubuwan da suka cancanci a nisanta su da maganaɗisu suna wajen kwamfutar ne. Katin da ke da baƙin layi a bayansa, musamman irin na buɗe ɗakin otal, yana saurin gogewa, ko da yake cif ɗin da ke jikin katin banki ba ya jin komai. Agogo mai aiki da zare da ƙafafu, ba batir ba, idan ya daɗe a kan lasifikar kwamfuta yana iya kamuwa da maganaɗisu ya fara gudu fiye da kima. Mafi muhimmanci kuma su ne masu ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, domin ita ma tana da sensar da ke canza yanayin aikinta idan ta ji maganaɗisu. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta shawarci irin waɗannan mutane su bar tazarar inci 6, kimanin santimita 15, tsakanin na'urar da wayoyi ko agogunan zamani masu maganaɗisu.

TAMBAYA: Malam, tawa matsalar akasin ta sauran mutane ce. Allon kwamfutata ya fashe aka canza mini shi. Tun daga nan idan na rufe ta ba ta yin barci, ina hango haske ta tsakanin murfi da madannai, kuma idan na fito da ita daga jaka sai in ji ta da zafi zau, batir ya ƙare. Daga wata ɗalibar jami'a.

AMSA: Malama, alama mafi ƙarfi ita ce an bar maganaɗisun a tsohon firam ɗin. Ɗan ƙarami ne, da gam ko salatif ake manna shi, yana da sauƙin faɗuwa ko a mance da shi idan an kwance murfi, kuma wani sabon murfin ba ya zuwa da nasa. Yana kuma yiwuwa an mayar da shi amma ba a daidai gurbinsa ba, ko an kifa shi a kwamfutar da sensarta ke amsa ɓangare ɗaya kawai.

Ki ɗauki allura ko ƙaramin kilif na takarda ki bi firam ɗin allon da shi a hankali, ba tare da kin taɓa gilashin ba. Inda maganaɗisu yake za ki ji ya fizgi allurar, har ta iya tsayawa da kanta. Idan kin kewaye ba ki ji komai ba, sai ki samo ƙaramin maganaɗisu ki bi gefunan gindin kwamfutar da shi. Idan allon ya mutu a wani wuri, sensar lafiyarta ƙalau, maganaɗisun murfi ne babu, kuma gyaran bai wuce a manna wani a daidai wurin da zai sauka a kanta ba. Idan kuwa ba ta amsa ko'ina ba, sai a duba saitin abin da rufe murfi ke yi, tukuna a duba wayar sensar, wadda ƙila an cire ta lokacin gyara ba a mayar ba. Ki koma wurin wanda ya yi aikin da wannan bayanin a hannu, domin gyaran na cikin aikin da kika riga kika biya.

Akwai wasu kwamfutocin da suka bambanta. Tun daga MacBook Pro mai inci 16 na 2019, Apple ya fara sa sensa a jikin gaɓar murfi wadda ke auna kusurwar buɗewarsa, ba rufe ko buɗe kawai ba, kuma irin wannan tana buƙatar a daidaita ta da manhaja bayan an canza ta.

Kafin a gyara, kada ki ƙara sa ta a jaka a kunne. Zafi yana rage kwanan batirin litiyam, yana iya sa shi kumbura har ya ɗaga madannai ko wurin jan yatsa. Ki riƙa kashe ta gaba ɗaya, ko ki sa ta dogon barcin da ke kwashe komai zuwa wurin ajiya ya yanke wuta. Wannan shawarar ta shafi har waɗanda sensarsu ke aiki, domin kwamfuta tana iya yin barci daidai sannan linzami marar waya da aka manta a kunne ya motsa a cikin jaka ya tashe ta.

TAMBAYA: Malam, ni dai na gaji. Ba zan iya rabuwa da agogona ba. Babu hanyar da zan kashe wannan sensar gaba ɗaya in huta? Daga wani mai karatu.

AMSA: Akwai hanya, ɗan'uwa, amma ba kashe sensar take yi ba, umartar manhaja take yi ta yi biris da saƙonta. A Windows ana shiga Control Panel, a buɗe Power Options, a zaɓi layin da ke gefen hagu mai maganar abin da rufe murfi zai yi, sannan a saita shi a kan kada ta yi komai, ko a kan batir take ko a jone da caja. A yawancin nau'o'in Linux na yanzu ana gyara fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf a rubuta HandleLidSwitch=ignore, kodayake wasu manhajojin fuskar tebur suna da nasu saitin da ke rinjayar wannan. Wasu kwamfutoci suna da zaɓin kashe saƙon murfi a cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, kuma wannan zaɓin shi ne ya fi yanke matsalar daga tushe. A Mac babu irin wannan zaɓin a saitin yau da kullum, tana ci gaba da aiki a rufe ne idan an jona mata allo na waje.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A kwamfutoci da yawa, ko an ce kada ta yi barci, hasken allon yana ɗaukewa muddin sensar tana cewa a rufe take, saboda haka za ka tsira daga neman kalmar sirri amma ba daga ƙiftawar allo ba. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, ka cire wa kanka kariya biyu a lokaci guda. Kwamfutar da ba ta barci idan an rufe ta za ta ci gaba da aiki a cikin jaka kamar ta ɗalibar da ta rubuto a sama, kuma ba za ta kulle kanta ba, duk wanda ya ɗaga murfin zai tarar da saƙonninka da takardunka a buɗe. Sensar tana da wani amfanin ma a wasu na'urori, misali kwamfutocin Apple masu cif ɗin tsaro na T2 da waɗanda suka biyo baya suna yanke makirufo ɗungurungum idan an rufe murfi, ta yadda babu manhajar da za ta iya saurare. Ra'ayina shi ne canza maɗaurin agogo ya fi sauƙi da aminci nesa ba kusa ba. Idan ka nace sai ka canza saitin, to ka saba da kulle allo da hannunka duk lokacin da za ka tashi, kana kuma kashe ta kafin ka ɗauke ta. Ɓalle maganaɗisun daga murfi ba zai amfane ka da komai ba, domin na agogonka ne ke tayar da sensar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kwamfutata irin mai naɗewa baya ce ta koma kamar kwamfutar hannu. Wani lokaci madannai da wurin jan yatsa sukan daina aiki gaba ɗaya, allon kuma yana nan a kunne, har ma yakan juya. Na lura ya fi faruwa idan na ɗora ta a kan jakarta. Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Irin wannan kwamfutar tana da aiki biyu da za ta gane, rufewar murfi da kuma naɗewarsa zuwa baya, kuma da yawa daga cikinsu suna da sensa ta biyu don na biyun, wasu kuma suna haɗa ta da na'urorin auna karkata da ke cikin murfi da gindi. Idan ta gane an naɗe ta, sai ta kashe madannai da wurin jan yatsa da gangan, don kada su riƙa dannuwa a kan cinya ko tebur, ta kuma ba allo damar juyawa. Jakar da ke rufewa da maɓallin maganaɗisu, idan maɓallin ya faɗa ƙarƙashin wannan sensar, zai sa ta ɗauka an naɗe ta alhali tana zaune a yadda aka saba. Ki sauke ta daga kan jakar zuwa tebur, idan madannan ba su dawo nan take ba ki rufe murfin ki sake buɗewa, ko ki naɗe shi baya ki dawo da shi don ta sake karanta matsayinta. Idan hakan yana faruwa ko a kan teburin katako da babu komai a kansa, sai a sabunta BIOS da direbobin sensa daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, idan bai daina ba a kai ta a duba wayar da ta ratsa ta cikin gaɓar murfin, domin yawan naɗewa da buɗewa yana cinye ta.